Rasuwar 'Yar Hayar Gidan Salmela

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ba ta da sauran wurin ajiye komai, dattijo Arvo Salmela, mai gida na ƙarshe a kan hanyar tafki, yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da 'yan cocinmu, da waɗanda ba a gayyata ba amma za su zo, rasuwar tsohuwar kwamfutarsa wadda duk unguwa ta sani da suna 'Yar Haya. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin da ta wuce, bayan doguwar jinya.

Kalmar nan ta rasuwa sai da aka sha rigima a kanta a teburin kicin, a gaban maƙwabciyarsu Verna, wadda aka kira ta rubuta sanarwar saboda hannun Arvo ya daina riƙe biro tun bara.

"Ki rubuta ta lalace, Anti Verna," in ji Denise, 'yarsa tilo, wadda ta tuƙo mota daga Green Bay da jin labarin. "Inji ne. A allon coci fa za a manna takardar nan. Mutane za su ce Baba ya zauce."

"Sun daɗe suna faɗa," in ji Arvo. "Tambayi Verna, ita ta fara. Rubuta ta rasu."

"Baba, firji ya mutu bara waccan, ban ga ka yi masa sanarwa ba."

"Uwarki ba ta cikin firji."

Aka rubuta rasuwa.

Marigayiyar ta shigo gidan nan sama da shekara ashirin da suka wuce, cikin manyan kwalaye a bayan motar Arvo, lokacin yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara ta ƙaramar hukuma. Matarsa Helmi, Allah ya jiƙanta, ita ta raɗa mata suna. Ta ce ga baƙuwa ta kama mata ɗakin ɗinki, tana shan wuta, ba ta biyan haya, ko cokali ba ta wankewa. Amma kafin sanyin shekarar ya fita ta saƙa mata riga da ragowar zaren safa, ja da ruwan toka, don kada ƙura ta shiga hancinta.

An shaidi marigayiyar da haƙuri. Ba ta taɓa yin gaggawa ba, ba ta kuma taɓa barin wani ya yi ba. In an kunna ta da safe takan ce "ɗiit" sau ɗaya, kamar mai gyaran murya, sai fankarta ta kama "gurrr", sai a ji "karas, karas" daga cikinta kamar ɓera a buhun alkama. Kafin ta gama buɗe ido mutum ya dafa kofi, ya share matakalar ƙofa, ya dawo ya sha rabin kofin. An kuma shaide ta da riƙon amana. Duk shekarun da Helmi take rufe ƙofa ta ce tana rubuta wa Denise wasiƙa alhali karta take bugawa, 'Yar Haya ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta taga aka gani.

Doka ɗaya Helmi ta kafa mata, ita ce kuma dokar gidan gaba ɗaya. Tana ƙarama gidansu na gona ya ƙone ƙurmus saboda dutsen guga da aka manta a jikin wuta, suka tsaya cikin ƙanƙara da safa kaɗai suna kallo. Tun daga nan, da rana ta faɗi, ko in za a fita ko da shagon kusurwa ne, sai Helmi ta bi ɗaki ɗaki tana zare fulogi. Rediyo, talabijin, fitilar gefen gado, abin gasa burodi. Firji kaɗai ta ƙyale, shi ma da harara. Agogon lantarkin gidan Salmela bai taɓa faɗin gaskiya ba. 'Yar Haya ta bi dokar nan ba musu, kowace yamma a zare ta, kowace safiya ta tashi ta ce "ɗiit", ba ta riƙe kowa a zuci ba.

To amma ba don karta ake wannan makoki ba. Ga abin da marigayiyar take riƙe da shi.

Shekarar da Denise ta gama sakandare, Arvo ya aro kyamarar bidiyo wurin Gordy, ƙanen Helmi, don ɗaukar walimar da za a yi da yamma. Ya ɗora ta a kan firji, ya cusa fuloginta can baya inda ido ba ya kaiwa, ya danna wai ya gwada, sannan ya fita ɗauko kujeru daga zauren coci. Ɗauko kujeru ba aikin wuni ba ne. Amma hanyar coci ta bi ta gaban mashaya, ranar kuma da zafi. Bai dawo ba sai la'asar. Kyamara ta cinye kusan duk kaset ɗin tana kallon kicin, na walima kuwa ko hular Denise ba a samu ba. Babu taron da Helmi ba ta ba da wannan labari a cikinsa ba har ta koma ga Allah, kaset ɗin kuma aka jefa shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa tare da tsofaffin takalman ƙanƙara.

Helmi ta rasu a tsakiyar sanyi, ƙasa ta daskare, aka ajiye ta a ɗakin jira na maƙabarta har watan Mayu kamar yadda ake yi wa kowa. A cikin watannin nan na ba ta gida ba ta kabari ne Arvo ya sauka ɗakin ƙasa neman wani abu dabam, ya hau da kaset. Gordy ya zo da wayoyinsa, ya juye shi cikin 'Yar Haya a fayil guda, daga farko har ƙarshe. Kaset ɗin ya sha danshi, ya yi furfura. Sau ɗaya ya yarda ya bi ta cikin inji, yana fitowa ya zube kamar busasshen ganye. Gordy ma bai daɗe ba ya bi yayarsa. Tun daga ranar, wunin nan na Helmi ba shi a ko'ina a duniya sai a cikin 'Yar Haya.

Waɗanda suka gani sun san abin da ke ciki. Tebur ne, da taga, da ƙofar baya. Yawancin lokaci babu kowa. Rana tana tafiya a kan ledar ƙasa a hankali. Can sai a ji taku, ƙofa ta buɗe, Helmi ta shigo da gashinta baƙi, ta kwaɓa fulawar burodin kitso, ta sosa bayanta a jikin ƙyauren ƙofa, ta tsoma yatsa cikin kirim ta lasa ta waiga ko an gan ta. Tana waƙa da muryar nan da fasto ya taɓa roƙo a rage. Ta fita. Kicin ya sake zama shiru, sai agogo da ƙuda ɗaya. Wani karen da ya mutu tun tuni ya shigo ya sha ruwa. Ta dawo, ta ɗauki wayar bango, ta gaya wa wata cewa in ana so magana ta kai birnin Duluth kafin dare a gaya wa Verna a ce mata sirri ne. An yafe mata. Daga tsakar gida kuma ana jin Len, marigayi mijin Verna, yana tambaya wa ya ɗauke masa tsani, sau biyu, da tarin nan nasa a tsakani.

A ƙarshe, da la'asar, Helmi ta ɗaga kai ta hangi jan ɗigon wuta a kan firji. Ta goge hannu a jikin atamfar girkinta, ta matso, ta matso, har fuskarta ta cika allon, ana ganin fulawa a girarta. Ta ce, "Kai, Arvo," ta miƙa hannu bayan firji. Sai duhu.

Arvo ya ɗauko 'Yar Haya daga ɗakin ɗinki ya kafa ta a kicin, kan kanta kusa da firji. Kowace safiya ya kunna ta, ya jira ta farka, ya buɗe wunin Helmi, ya bar shi yana tafiya. Ba zama yake ya zuba mata ido ba. Yakan yi wanke-wankensa, ya gyara ƙugiyar kamun kifi, ya shiga bayan gida ya bar ƙofa a buɗe, yana jin takunta daga can. In ta kusa shigowa jikinsa ya sani, sai ya janye ƙafa daga hanya. In la'asar ta yi, ta ce "Kai, Arvo," ta zare nata fulogin, shi ma sai ya tashi ya zare nasa. Haka suka yi shekara da shekaru, su uku. Ba a kuma rasa gwauruwa ɗaya da takan shigo aron sukari daidai lokacin da ake neman tsani ba.

Ciwon ajali ya fara ne da kaka. Fankar ta soma tari. Sannan mantuwa ta shigo: sai ta farka da safe ta rubuta a kusurwar allonta wata rana ta shekarun baya, shekarar da Helmi take raye tana buga karta. Arvo ya gyara mata kwanan wata, washegari ta koma can. Daga baya ya daina gyarawa. Ya ce wataƙila ita ta fi su sanin inda ake.

Denise ta zo bikin godiya na watan Nuwamba, ta ji tarin, hankalinta ya tashi. Ta fito da filash, ɗan abin ajiyar fayil, sabo fil daga jaka ta ce yanzu za ta kwafe Mama a huta. 'Yar Haya ta karɓa da ladabi, ta yi dogon tunani, ta nuna 'yan takardu suna tashi daga jaka zuwa jaka, sannan ta ce "ɗin" ta fito da saƙo cewa fayil ɗin ya yi girma. Filash kuwa wayam, wuri kamar filin ƙwallo. Denise ta yi ta latsa wayarta har ta gano dalili. Irin tsarin da marigayiyar ta taso a cikinsa yana shirya filash ne kamar babban ɗaki mai ƙaramar ƙofa: kaya ko nawa ne za su shiga, amma ba a shigar da ƙunshi ɗaya da ya wuce giga huɗu. Wunin Helmi ya ninka haka sau da yawa. Aka kawo mata babban faifai na zamani, ta dube shi ta ce ba ta san shi ba. Aka gwada aikawa ta wasiƙar intanet, ita ma ta ce ba ta ɗaukar nauyi irin wannan. Aka ce a kai ta shagon gyara a Houghton, Arvo ya ce matar da ba ta taɓa kwana a asibiti ba sai daren mutuwarta ba za ta je ta kwana a kan kantar wani mai ɗan kunne a hanci ba.

"To a yanke," in ji Denise. "Duk inda Mama ta fito, in an haɗa bai fi rabin sa'a ba. Zai shige ƙofar nan har da rawa. Sauran ai kicin ne kawai, Baba. Ga kicin nan kana zaune a ciki."

"Wannan babu mai shigowa."

"Wancan ma in babu ita a hoton, me kake kallo?"

"In ba ta cikin hoton tana cikin gidan," in ji Arvo. "Tana sama, ko tana shanya. Ki yanke wannan, me ya rage? Mace tana shiga tana fita kamar an koro ta. Ba haka uwarki take ba."

Denise ta dubi Verna neman taimako. Verna tana duban burodi.

Sai aka koma ga magani na ƙarshe. Akwai wata dabara ta matse fayil a ɗaure shi ƙunshi ƙunshi, kowanne daidai ƙofar, in an kai inda za a kai a kwance su su koma abu ɗaya, ko ƙudan nan ba zai ɓata ba. Arvo ya sa Denise ta rantse sau biyu cewa ba yanka ba ne, sannan ya yarda. Denise ta nuna masa inda zai danna, ta koma bakin aikinta.

Jama'a, a nan ne haƙurin marigayiyar ya zama cuta. Da an danna sai wani koren zare ya bayyana a allon, ya kama rarrafe. A ƙarƙashinsa takan rubuta saura minti tara. Ka juya ka dawo, ta ce saura kwana biyu. Ka yi atishawa, ta ce saura sa'a ɗaya, sannan ta yi shiru ta daina alkawari. Aikin ya fi ƙarfin wuni ɗaya, ya fi ƙarfin wuni da kwana. Abin da ya fi muni, tsohuwar ba ta iya aiki biyu a lokaci guda. In tana matse Helmi ba ta iya nuna Helmi. Kowace safiya sai Arvo ya tsaya da ɓeran kwamfutar a hannu ya zaɓa: ya ji ta yau, ko ya tsirar da ita don gobe.

Wasu ranaku ya zaɓi gobe. Ya danna, ya zauna gaban koren zaren, gidan ya yi tsit irin tsit ɗin watannin jiran kabari. Wani lokaci ya daure har azahar, sai ya soke aikin ya buɗe kicin. Wani lokaci ya daure har faɗuwar rana, zaren ya ɗan yi nisa, sai hannunsa ya tafi bango da kansa. Da safe 'Yar Haya ta ce "ɗiit", ta manta duk wahalar jiya, a faro daga fari. Haka aka cinye Disamba da Janairu.

"Ina aka kai, Baba?" in ji Denise a waya.

"Ta kusa rabi."

"Jiya ma ka ce ta kusa rabi. Ka sake zarewa, ko?"

"Rana ta faɗi."

"Gidan ba zai ƙone ba, Baba. Duk Amurka mutane na kwana da kaya a jikin wuta."

"Shi ya sa kullum ake jin jiniya."

Akwai masu cewa a wurin shan kofi bayan coci wai da gangan yake yi, wai yana tsoron in aikin ya ƙare Denise ta sayo masa sabuwar kwamfuta mai saurin farkawa, wadda ba ta san Helmi ba. Ba a san wa ya fara wannan maganar ba.

Makon jiya Denise ta zo ba sanarwa. Ta ji fankar tana kukan tsohuwar ƙofa, ta ɗauko salatef mai kauri daga gareji, ta liƙe fulogin a bango gicciye da gicciye. Ta danna da hannunta. Ta sa ubanta ya ɗora hannu a kan rigar saƙar nan ya yi alkawari ba zai taɓa ba har zaren ya kai ƙarshe, ta sumbaci goshinsa, ta kama hanya don tana da aiki washegari.

Ya cika alkawari, a shaida masa wannan. Juma'a ta wuce shiru. Asabar ta wuce shiru, bai ko kunna wutar sauna, ɗakin wankan tururinsa, ba, abin da bai taɓa tsallakewa ba ko makon da aka yi masa aikin gwiwa. Aka kai masa miyar kifi, ya ci tsaye, idonsa a kan zaren. Ranar Lahadi da safe abin da ya rage bai fi faɗin farce ba. Shi ne kuma mai zagayawa da farantin karɓar baiko a coci a ranar. An gan shi ta taga ya fito ya kulle ƙofa, ya kai mota, ya koma ya buɗe ya leƙa, ya fito, ya sake komawa. A karo na uku ya tsaya a baranda da hula a hannu yana magana, babu kowa a gabansa. Tun da ya auri Helmi bai taɓa barin gidan nan babu kowa da wani abu a jikin wuta ba in ba firji ba.

Gidan bai ƙone ba. Da ya dawo ya tarar da fuskar 'Yar Haya ta yi shuɗi da fararen rubutu, daga cikinta kuma ana jin "ƙat, ƙat, ƙat", kamar mai gwada sakatar ƙofar da aka kulle. Ya ɓare salatef ɗin, ya zare, ya jira, ya mayar. Ta yi "ƙat" sau biyu. Ba ta ce "ɗiit" ba. Ta cika a kicin babu kowa a kanta, bayan kwanakin da ba a bar ta ta buɗe baki ba, kuma wannan ne abin da Arvo ya kasa haɗiyewa. Allah ya sa ta huta. Allah ya kyauta namu ƙarshen.

Ta rasu ta bar allon dannawa ɗaya, wanda har yau in an kife shi ɓarɓashin burodin Helmi ke zubowa. Ta bar ɓera mai doguwar wutsiya, da firinta wadda ta riga ta daina aiki tuntuni amma ba a gaya mata ba, da rigar saƙa. Ta kuma bar marayu a cikin filash, ƙunshi ƙunshi a jere, kowanne da lambarsa, lafiyarsu ƙalau. Denise ta gwada su a kwamfutarta ta zamani. Ba ɗayansu da ya yarda ya buɗe. Duka suna tambayar autarsu, ƙunshi na ƙarshe, wanda ba a kai ga haifa ba. Helmi tana cikinsu tun daga hantsi har kusan lokacin da za ta ɗaga kai, a ɗaure, kuma ba za a kwance ko minti ɗaya ba.

Ga tsarin jana'iza. Tun da ƙasa a daskare take, gawar za ta jira a gareji, kan teburin aikin Arvo, lulluɓe da rigarta, har watan Mayu ranar da ƙaramar hukuma take karɓar matattun kayan lantarki a bayan ofishin kashe gobara. Za a ɗauke ta a kujerar gaba, ba a bayan mota ba. Ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada akwai kofi da burodin kitso a ɗakin ƙasa na coci. Fasto ya ce ba zai yi addu'a a kan inji ba, amma zai zo shan kofi, in kuma wani ya sunkuyar da kai shi bai gani ba. Ba a buƙatar furanni. Masu kawo abinci gida su kawo a mazubin da ba sa so a dawo musu da shi, Lorraine ta cocinmu kuma ta huta da wainar nan tata, gidan ya ga isasshen baƙin ciki. Masu zuwa gaisuwa su bi ta ƙofar gaba su buga ƙararrawa. Kada kowa ya shigo ta ƙofar baya ba sallama, don har yanzu in ta motsa Arvo yakan janye ƙafa. Kada kuma wanda ya ce masa ai inji ne. An riga an gaya masa.

Ana sanar da jama'a cewa gangar jiki kaɗai za a raka. Zuciyar ba za ta halarta ba, ga kuma dalili, don kada a ji shi a karkace a wani wuri.

Ana cikin rubuta sanarwar nan Denise ta tashi ta shiga gareji. Ta dawo da sukudireban ubanta a hannu ɗaya, a ɗayan kuma wani ɗan ƙarfe mai girman gwangwanin sardin, faifan da ke cikin marigayiyar, inda wunin yake. Ta ajiye shi a kan tebur tsakanin kofuna. Ta ce akwai wani kamfani a Minneapolis da ke buɗe irinsa a ɗakin da ba ƙura, da fararen riguna kamar likitoci. Ta yi magana da su. Sun ce wataƙila su ciro duka, wataƙila rabi, wataƙila babu, kuma in faifan ya karce sosai buɗewar ce za ta ƙarasa shi.

"Wa ya ce ki farke ta?" in ji Arvo.

"Ba wanda ya ce. Da na jira ka ce, da Mayu ta zo an niƙe ta da Mama a ciki."

"Da na cire da kaina na ajiye a durowa. Muddin ba a buɗe ba tana nan ciki, cif. Su buɗe su ce babu, shi ke nan fa."

"Tana ciki ba ka jin ta, Baba. Da ka bar ni na yanke tun bikin godiya, da yanzu muna da rabin sa'a."

"Da kin bar ni da fulogina, da yanzu tana kwaɓa fulawa."

Kowannensu ya san ɗayan bai yi ƙarya ba. Arvo ya miƙa yatsa ya taɓa ɗan ƙarfen, ya janye.

"Ke da kike ta ceton ta," in ji shi, "kin taɓa ganin ta? Kin zo da filash, kin zo da faifai, kin zo da salatef. Ban taɓa ganin kin ja kujera ba. Da ta shigo sai ki tuna kina da abu a mota."

"Ranar walimata ce," in ji Denise. Muryarta ta sauka ƙasa. "Wuni guda tana tsaye a kan ƙafarta saboda ni, ni ina sama da abin busar da gashi ina ƙwala mata tsawa a kan riga. Na ce mata ba ta iya komai ba. Ka ɗauka ban san yana ciki ba? Na san daidai inda yake."

"Yana ciki," in ji Arvo. "Da abin da ta yi bayan kin rufe baki."

"Me ta yi?"

"Da kin zauna da kin gani."

"Baba."

Ya ɗauki kofinsa. Denise ta juyo. "Anti Verna, ke kin gani. Ke ba kya riƙe magana. Me ta yi?"

Verna ta gani, ba sau ɗaya ba. Ta ce biro ya tsaya, ta duƙa tana karkaɗa shi.

Denise ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ja kwat ɗinta daga bayan kujera, ta ɗauki faifan ta jefa a aljihu, ta ɗauki makullin mota.

"To zan gani da idona," in ji ta. "In an samu. In ba a samu ba, sai ku ci gaba da riƙe abinku, ku biyu."

Arvo bai tashi ba, bai kuma miƙa hannu ya hana ba. Sai da ta kama mariƙin ƙofar baya ya yi magana, idonsa a kan wurin da babu komai kusa da firji.

"Ki mayar da shi aljihun ciki. Da sanyi a waje."

Ta tsaya, ta ba su baya, ta mayar. Sannan ta fita ta buga ƙofar da ƙarfin da ya zubo da ƙanƙarar rufin baranda.